Ya Tafi Yamma

Duluth, Minnesota
Yuli, 1978

Kawu Orval,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kai da Gwaggo Fern, kuma gwiwar nan taka ta bar ka kana taka ƙasa. Na ji sukarin Gwaggo ya sake hawa. Ka ce mata ta rage burodin kirfa da take ci a ɓoye, na san gwangwanin da take ajiye shi. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙunar mai a hannun hagu, ita ma ta kusa warkewa. Jirgin ruwanmu yana nan yana jigilar ƙasar ƙarfe daga wannan bakin tafki zuwa wancan, ni kuwa ina can ƙasa a kicin ina feraye wa ƙarti dankali, ƙartin da ba wanda ya koya musu "an gode". Wasiƙa ba ta samuna sai mun dawo Duluth na buɗe akwatina a gidan waya, saboda haka in ka ji shiru, ruwa ne ya riƙe ni.

Kawu, maganar Wendell ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kai ka riƙe shi tun yana yaro bayan rasuwar mahaifinsa, kuma in akwai wanda yake jin maganarsa a duniya, to kai ne, don ni matarsa na daɗe da zama rediyo. Na rubuta masa har na gaji, ko layi ɗaya bai maido mini ba.

Ka tuna bara, da injin Dolly, jirgin saman nan nasa, ya kama wuta a tsakiyar tsere ya sauko da hayaƙi a bayansa? A gabanka ya ce ya gama. Ya ce zai sayar da Dolly ya biyo ni nan gabas, akwai aikin kanikanci a tashar jiragen ruwa yana jiransa. Da wannan alkawarin na shigo ruwa, don mu sami abin kafa gida. Yanzu maƙwabciyarmu ta rubuto mini wai ya sake wa Dolly fenti, ya ba da sunansa a tseren Satumba. Na kira shi daga wayar bakin tasha.

Na ce, "Wendell, ka sayar da ita?"

Ya ce, "Kasuwa ba kyau, Lorna."

"Kasuwar ce ba kyau, ko kai ne ba ka kai ta ba?"

Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa mai sa in ji kamar in shaƙe shi ta cikin waya. Ya ce, "Ke dai kin iya tsare mutum kamar ɗan sanda. Ki bi ni a hankali fa. In kika matsa mini, sai in ɗauki Dolly in yi yamma abina. Matar nan Pruitt tana nemana a California, jirage gare ta ba matuƙi, kuma ita ba ta da yawan tambaya."

Wasa yake yi ko da gaske, ban sani ba, kuɗin wayar ya ƙare.

Ba kishin fenti da ƙarfe nake yi ba, tsoro nake ji. Ranar da muka binne 'yarmu Junie muka kama wuri biyu a gefenta, ɗaya nasa ɗaya nawa. Ya riƙe hannuna ya ce duk yawon da zai yi a sama, nan zai dawo ya kwanta kusa da ita. Na ce masa to ya tabbata an sami abin da za a kwantar. Wannan kaɗai na roƙe shi a zamanmu, kuma shi nake roƙonka. Ka je ka same shi, ka hana shi tashi bana.

Taka,
Lorna

*

Dry Fork, Nevada
Agusta, 1978

'Yata Lorna,

Na sami wasiƙarki, na kuma ji daɗin jin kina lafiya. Ki riƙa shafa wa hannun nan man shanu. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, ita ce mai gaya mini za a yi ruwa, ga shi kuwa tun bazara ba ta ce komai ba. Fern ta ce in gaya miki burodin na baƙi ne, sai dai ban ga baƙon da ya taɓa samun ko ɓalli ba.

Na kai saƙonki. Na tarar da shi kwance a ƙarƙashin Dolly, ƙafafu kawai ake gani. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Kawu, in Lorna ce ta aiko ka, ajiye saƙon a kan benci ka miƙo mini sifana."

Na ce, "Kai, ɗan nema, matarka tana can tana soya hannunta dominka, kai kana nan kana shafa wa ƙarfe hoda?"

Ya ce, "Wannan ne na ƙarshe."

"Bara ma ai na ƙarshe ne."

"Bara injin ne ya ci amanata. Ba zan bar filin nan da hayaƙi a gindina yara suna dariya ba. In gama lafiya ko da na kashin baya ne, sannan in bar shi da ƙafata."

Na miƙa masa sifanar. Zan gaya miki gaskiya ko da za ki ji haushina: ban hana shi ba, kuma ba zan hana shi ba. Mutum ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke don kada kura ta gan shi. Wendell ya haura arba'in, ya san abin da jirgin nan zai iya yi masa fiye da ni da ke. Uban da ya haife shi, ƙanena, ko tsani bai yarda ya hau ba don tsoro, me ya tsira da shi? Ƙurar ramin ma'adinai ta cinye masa huhu a kan gado yana tari kamar tsohuwar mota. In an ba ni zaɓi tsakanin wannan da sama, kin san abin da zan ɗauka.

Ba wanda ake jawowa filin nan da igiya. Matuƙi ya sani. Mu alƙalan turke, masu tsayuwa a gindin turakan da jirage ke kewayawa, mun sani. Ɗan kallon da ya sayi tikiti ya zauna da giyarsa da tsiran alade a hannu, shi ma ya sani, a bayan tikitin ma an rubuta masa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Makon jiya wani yaro ya zo daga hukuma, farar riga, takalmi sai sheƙi, yana ta aune-aune. Wai a ja 'yan kallo baya, mu kuma da muke tsayawa a gindin turaka wai a haƙa mana rami mu riƙa fakewa. Bud Lasater, abokin tsayuwata, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Samari, in zaman rami nake so ai sai in jira nawa, an riga an tanadar mini." Yaron bai ƙara minti biyar ba ya shiga motarsa.

Ke ba ki taɓa yarda kin tako filin ba, shi ya sa. Da kin tsaya tare da ni sau ɗaya a gindin turken nan, kin ɗaga kai kina leƙen sama ta cikin duron da ke kansa don ki ga wa ya yanke kwana, jirgi ya wuce ta kanki har ki ji ƙasa tana rawa a haƙoranki, da kin gane abin da ba ya faɗuwa a wasiƙa. Hollis da Red da sauran abokanmu da suka tafi yamma, na rantse miki babu ɗaya a cikinsu da zai ce ya yi nadama.

Maganar matar nan Pruitt kuwa, ban san komai ba, illa ta bugo waya rumfar jirage tana nemansa. Ki kwantar da hankalinki. Fern tana gaishe ki.

Kawunki,
Orval

*

Duluth
Ƙarshen Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Gwaggo. Hannu ya warke, tabo ya rage. Man shanun naka ban shafa ba, likita ya ce shi ke ruɓar da ƙuna, ka ga ba duk abin da tsofaffin filin jirgi suka sani ne gaskiya ba.

Na aike ka ka kashe wuta, ka je ka miƙa mata sifana. Na gode.

Wai mutum ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke. Kawu, wa ya kai ka ɗauruwa a turke? Tun kafin in san Wendell kake gindin itacen nan kana leƙen duro, ba igiya a wuyanka amma ka kasa matsawa. Kuma karin maganar nan taka, ka bar wa mai dafa abinci ita. Ni na san zafi. In mutum ya ɗebo miya tana tafasa jirgi ya karkata, ba bakinsa kaɗai take ƙonawa ba, duk wanda ke kusa sai ya samu. Matuƙi ya yarda, alƙali ya yarda, mai tikiti ya yarda. Ni a ina na sa hannu? Wa ya sayar mini da tikiti?

Abokanka da suka tafi yamma, Allah ya ba su sa'a a can, ba su ne damuwata ba. Damuwata ɗaya ce, kuma ka gaya masa da bakinka: in an gama tseren nan, ko dai ya taho gabas wurina, ko ya nufi inda ake nemansa. Ba zan ƙara roƙo ba.

A makon tsere ba na kunna rediyo, ba na taɓa jarida, mutanen jirgin nan duk sun sani, ba mai kawo mini zancen. Sai abin da ka rubuto zan ji.

Lorna

*

Dry Fork
Satumba

Lorna,

Ina fata kina lafiya. Mu nan sai godiya. Fern ta kwanta, ba ta iya cin komai.

Ban san ta inda zan fara ba. Wendell ya tafi yamma ranar Asabar da la'asar, shi da Dolly. A kan idona ya tafi, ba abin da na iya yi. Na so in same ki ta waya, ban san sunan kamfanin jirginku ba, akwatin nan kaɗai gare ni.

Abin da ya rage nasa yana hannunmu. Ba za mu taɓa komai ba sai kin zo, ko kin aiko mana yadda kike so a yi. Muna jiranki.

Orval

*

Duluth
Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka ce wa Gwaggo ta tashi ta ci abinci, bai kai a yi rashin lafiya dominsa ba. Ni lafiyata lau, har na fi jiya.

Iska ta tsare mu a wancan bakin, sai yau na ga 'yar takardarka. Ban yi mamaki ba. Na ba shi zaɓi, ya zaɓa. Allah ya raka taki gona. Wadda ya fifita a kaina, ta riƙe shi da kyau, na bar mata har abada. Kai kuma da ka ce ba abin da ka iya yi, ai ka yi, kai ka miƙa sifana.

Kada ku jira ni. Ba zan zo ba, ba zan bar aikina in hau mota kwana da kwanaki don in tsaya ana kallona ana tausaya mini ba. Ko ɗigon hawaye ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Abin da ya rage nasa, ku cinna masa wuta, ku watsar da tokar a filin nan naku da ya fi ƙauna. Ga zobena a cikin ambulan, ku haɗa masa da shi, ba ni da sauran amfani da shi.

Abu ɗaya kuma. Wurin nan na gefen Junie ba nasa ba ne yanzu. Wanda ya karya alkawarin da ya ɗauka a kan kabarinta ba zai kwanta kusa da 'yata ba. Ban yarda ba.

Kada ka ƙara rubuto mini sunansa.

Lorna

*

Dry Fork
Nuwamba

Lorna,

Gaisuwa, don haka aka koya mana mu fara. Fern ta tashi, amma ta rame, siket ɗinta sai da ta ƙara masa igiya. Sanyi ya shigo, gwiwata ta dawo da surutunta.

Kin ce kada in ƙara rubuto miki sunansa. Wannan ce ta ƙarshe, ki yi haƙuri ki karanta, don in ban fitar da abin da ke cikina ba zai kashe ni. Na san kina da zafi, da zafinki Wendell ya aure ki. Amma ban taɓa zaton akwai mace mai zuciyar da za ta rubuta abin da kika rubuto ba. Fern ce ta buɗe wasiƙar, zoben ya faɗo ya gangara ƙarƙashin murhu. Ta karanta ta kai wurin taki da gona, sai ta ajiye ta ce, "Orval, wannan ba Lorna ba ce." Na ce, "Rubutunta ne, Fern."

Tunda ba ki tambaya yadda aka yi ba, ni zan gaya miki. Ana tsakiyar tsere, yana na biyu, bai taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Ya nufo turkena a karkace, ƙasa-ƙasa, ina leƙe ta cikin duro, bai yanke ko ɗan yatsa ba. Yana wucewa na ga wani abu ya fita daga wutsiyar Dolly kamar an jefar da faranti. Ta miƙe sama tsaye, ta juya ciki a sama, ta dawo. Ta bugi ƙasa can bayanmu, nesa da rumfar 'yan kallo. Mutane suna cewa shi ya kautar da ita daga jama'a. Ni ban sani ba, a irin wannan juyin jini yakan bar kan mutum, amma na bar su suna faɗa. Wani yanki na fiffike ya taso ya sami Bud a ƙafa, an yanke ta daga gwiwa. Da na je duba shi a asibiti, abin da ya fara tambayata shi ne, "Wa ya ci?"

Ni na tattara ɗan ƙanena da hannuna, ni da masu kashe gobara. Muka ajiye shi a ɗakin sanyi na mai jana'iza muna jiran matarsa, mutumin yana ta aiko mini yana tambaya, ina cewa tana kan ruwa, tana zuwa. Fern har ta zaɓi waƙoƙin da za a yi a coci, ta sa an share ciyawar gefen Junie. Sai ga amsarki.

Mun yi yadda kika ce, ba ragi ba ƙari. An kai shi gidan ƙona gawa. Ranar Lahadi bayan coci abokansa suka tashi da jirage huɗu, ɗaya ya fice daga sahu ya bi rana, kamar yadda ake yi wa kowane matuƙi. Ni na zauna a kujerar baya da gwangwanin a cinyata. Da muka zo kan turkena na buɗe taga na juye. Zobenki yana ciki. Iska ce mai ƙarfi ranar, kafin mu juyo babu ko alama.

Jama'a sun tambaya ina matarsa. Na ce aiki ya riƙe ki. Ban taɓa yin ƙaryar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Ya zaɓi hanyarsa da idonsa biyu, ya biya da kansa, bai ci bashin ran kowa ba. Ko me ya yi miki, bai cancanci a kira shi taki ba.

Orval

*

Duluth
Disamba

Kawu Orval,

Ban san yadda ake gaisuwa a irin wannan wasiƙa ba. Ina fata kuna lafiya. Ni ban da lafiya. Tafki ya fara daskarewa, an ɗaure jirgi, ina wani ɗakin haya a bayan tasha.

A tsaye na karanta wasiƙarka a gidan waya. Na kai wurin da ka ce ka tattara shi da hannunka, na koma farko, na sake kaiwa wurin, na kasa gane wa ake tattarawa. Na fito da 'yar takardarka ta Satumba daga jakata, don tana nan, ina ajiye da ita ina karantawa duk lokacin da zuciyata ta so yin sanyi. Na tafi da ita wurin tsohon injiniyanmu, wanda ya yi yaƙi a rundunar sama kamar kai. Na ce, "Malam Gunnar, in an ce matuƙi ya tafi yamma, ina ya tafi?" Ya dube ni. Ya cire hularsa.

Kawu, California na ɗauka. California! Shi da bakinsa ya ce zai ɗauki Dolly ya yi yamma wurin matar nan, na rubuta maka, kai kuma ka ce tana bugo masa waya. Tun Oktoba nake kwana ina tashi ina zagin mutumin da ke kwance a ɗakin sanyi yana jirana. Na zana shi a raina yana shan lemo a bakin teku. Da na ce a ƙona abin da ya rage nasa, tsummokaransa nake nufi, da takalman nan masu warin mai, da tarin mujallun da ke ƙarƙashin gado.

Za ka ce kowace matar matuƙi ta san kalmar. Ni ban sani ba. Kai da kanka ka rubuta cewa ban taɓa tako filinku ba. Ban zauna inda kuke ɗaga kofi kuna kiran sunaye ba, Wendell kuma bai taɓa kawo mini wannan yaren gida ba, ya san ba na so.

Yanzu ka saurare ni. Ka cika mini takarda da cewa kowa ya sani, kowa ya yarda, ku maza ne masu kallon abin ido cikin ido. Na ɗauko wasiƙunka duka na shimfiɗa a kan gado, na bi su layi-layi da yatsa. Ko sau ɗaya ba ka rubuta kalmar ba. Ƙanenka, ƙura ta cinye masa huhu. Hollis da Red sun tafi yamma. Wendell ya tafi yamma, ya zaɓi hanyarsa, ya biya da kansa. Wane irin yarda ne wannan, da mutum zai yarda da abin da ya kasa kiran sunansa? Kun yi wa mutuwa laƙabi kamar yadda kuke yi wa jiragenku, kun shafa mata fenti don ku iya zama kusa da ita. Da ka rubuto mini kalma biyu irin wadda kowace mai wanke-wanke ta sani, da ko a ƙafa ne na zo.

Ka ce bai ci bashin ran kowa ba. Je ka tambayi matar Bud, wadda za ta riƙa ɗaga shi tana kai shi bayan gida har ƙarshen ranta, ko ita ma an rubuta mata a bayan tikiti. Ni abu ɗaya na roƙa a duk aurena, a sami abin da za a kwantar a gefen Junie. An samu. Ka tattara shi, ka adana mini shi, ni kuma da hannuna na rubuta a watsar. Wannan zan ɗauka har kabarina, ba zan ɗora maka duka ba. Amma rabinsa naka ne, kuma ba zan karɓar maka ba.

Ga abin da nake so. Ka je wurin mai sassaƙa dutse, a kafa dutse a wurinsa na gefen Junie. Kada in ga fiffike, kada in ga rana tana faɗuwa, kada in ga yamma ko gabas. A sa sunansa, a sa kalmar. Kai ma ka rubuto mini ita da hannunka, a fili, in gani. In ba za ka iya ba, kada ka sake rubuto mini komai.

Ka ce wa Gwaggo Fern ta yi gaskiya, ba Lorna ba ce.

Lorna

*

Dry Fork
Janairu, 1979

'Yata Lorna,

Ina gaishe ki, Fern tana gaishe ki. Ta ce ɗakin baya yana nan a share duk ranar da kika so, in ba ki so ba kuma ta gane. Lafiyarmu da sauƙi. Ƙanƙara ta rufe filin.

Na koma na karanta wasiƙarki ta Agusta, inda kika ce Allah ya ba su Hollis sa'a a can. Na tuna ranar da ta zo har dariya na yi, na ce wa Fern yarinyar nan bakinta ya fi barkono. Amsar tana hannuna tun lokacin, ban gani ba. Ni da aikina ke nan, gani.

Na je wurin mai dutse. Ya ɗauko fensir ya ce, "Me za a sa, Orval?" Na ba shi suna da shekarar haihuwa. Ya ce, "Sai me?" Na tsaya ina kallon bango. Ya ce, "Irin na su Hollis za a yi, da fiffike?" Na ce a'a. Ya ce, "To faɗi mana, dattijo, sanyi nake ji." Na yi yaƙi, na raka abokai fiye da yadda zan iya tunawa, amma sai da na riƙe gefen teburinsa kafin kalmar ta fito.

Ba zan yi miki ƙarya ba, don ƙarya mai taushi ta ishe mu haka. Masu shirya tsere sun aiko suna tambaya ko zan tsaya a turkena bana. Bud ya ce shi ko a keken guragu ne sai an tura shi. Ni ma na ce musu eh. Ban san wani wurin tsayuwa ba, kuma can ne kaɗai zan ce ga inda yake. Ki zage ni, kina da gaskiya.

Ga abin da kika ce in rubuta.

Wendell ya mutu, Lorna. Ya mutu ranar Asabar da la'asar, a bayan turkena, ina kallo.

An kafa dutsen jiya a gefen Junie, da kalmar a jikinsa kamar yadda kika ce. Fern ta kai furen roba, don na gaske ba ya rayuwa a wannan sanyi. Mun ɗan tsaya, sannan muka dawo gida. Babu kowa a ƙarƙashinsa.

Kawunki,
Orval